Lektin na bakteriya

Lektin na bakteriya rukuni ne na furotin da ƙwayoyin cuta ke amfani da shi wajen kama sukarin da ke lulluɓe da ƙwayoyin halittar jikin mutum. Kowane lektin yana gane irin sukarinsa, shi ya sa wata ƙwayar ke zama a hanji, wata kuma a mafitsara. William Boyd ne ya raɗa sunan lektin a 1954.

Yadda yake aiki

Kafin ƙwayar cuta ta yi illa, sai ta manne a jiki, in ba haka ba fitsari ko motsin hanji zai wanke ta. A 1977 Nathan Sharon da abokan aikinsa suka nuna cewa Escherichia coli tana mannewa ta hanyar kama sukarin manos. Furotin ɗin da ke wannan aiki, FimH, yana bakin siraran gashin ƙwayar, kuma yana da babban hannu a ciwon mafitsara.

Kwalara

Ƙwayar Vibrio cholerae tana fitar da guba mai sassa biyu. Sashen B, mai ɓangarori 5, yana kama sukarin GM1 a bangon ƙaramin hanji. Daga nan sashen A ya shiga ciki, ya sa hanji ya riƙa zubar da ruwa da gishiri. Wannan ne ke kawo gudawa mai kama da ruwan shinkafa, wadda kan kashe mutum cikin sa'o'i. Cutar ta fi tsananta ga masu rukunin jini O.

A Sakkwato

A annobar 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta shafa. A ƙananan hukumomin karkara irin su Boɗinga da Shagari, inda gidaje da yawa ke shan ruwan rijiya, haɗarin yakan ƙaru da damina idan ambaliya ta kwashe bayan gida zuwa cikin ruwan sha.

Kariya da magani

Nonon uwa na ɗauke da sukari masu kama da na bangon hanji, waɗanda wasu ƙwayoyi ke kamawa maimakon hanjin jariri. Masana na binciken magungunan da za su toshe lektin ta wannan hanya. Ga mai kwalara, ruwan gishiri da sukari shi ne taimakon farko, domin gubar ba ta hana hanji tsotsar gulukos tare da gishiri, ruwa kuma yana bin su.