Saurin Annoba: Lissafin Tsofaffi da na Likitoci a Ƙasar Ruma da Safana

Abin da ya ja hankalina ga wannan 'yar maƙala shi ne wata hira da na yi da kakata a hutun da ya wuce, a ƙauyenmu da ke ƙasar Batsari. Na tambaye ta shekarunta, sai ta ce ita ba ta ƙirga ba, amma mahaifiyarta ta gaya mata cewa tana goye aka yi Marisuwa. Watau a wurinta annoba ita ce kalanda. Daga nan na shiga tunanin yadda mutanenmu suke auna gudun cuta tun kafin zuwan malaman asibiti.

Marisuwa dai ita ce murar nan da ta game duniya a 1918. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Ikko cikin watan Satumba, kafin Oktoba ta ƙare kuwa ta iso Kano, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Dalili shi ne hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911. Tafiyar da fatake kan share makonni suna yi, cuta ta yi ta a zaune cikin tarago. An ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. To, amma dogo bai bi ta Katsina ba, balle Ruma ko Runka da ke bakin Dajin Rugu. Saboda haka a ganina, a yankinmu gudun Marisuwa bai wuce gudun jaki da na mai zuwa cin kasuwa ba.

A nan ne lissafin tsofaffi yake da daɗin ji. Ba su ƙirga marasa lafiya. Abin da suke lura da shi shi ne kasuwa nawa aka ci tsakanin jin labarin cuta a wani gari da ganin ta a gida, sai kuma sau nawa aka je maƙabarta a yini. Kakata ta ce idan masu haƙa kabari suka daina mayar da diga gida, to kowa ya san abin ya zama annoba. Mai karatu na iya yin murmushi, amma ma'auni biyu ne na gaskiya: tazarar lokaci, da yawan waɗanda suka kamu cikin wannan lokacin.

Likitoci ma a kan waɗannan biyun suka gina nasu. Wasu Turawa biyu, Kermack da McKendrick, sun fitar da lissafin yaɗuwar annoba a 1927, daga baya George Macdonald ya faɗaɗa shi a kan zazzaɓin cizon sauro a 1952. Tambaya ta farko ita ce: mai cuta ɗaya, mutum nawa yake shafa wa a garin da ba wanda ya taɓa yin ta? In adadin ya haura ɗaya, cuta za ta bunƙasa. In ya gaza ɗaya, za ta mutu da kanta. Ta biyu kuma: kwana nawa ne tsakanin kamuwar wani da ta wanda ya shafa wa? Alal misali, a ce kowa yana shafa wa mutum 2, tazarar kuma kwana 3 ce, kamar yadda mura take. Cikin kwana 30 an yi zagaye goma ke nan, a zagaye na goma kaɗai mutum 1,024 za su kwanta. Ƙyanda kuwa mutum ɗaya kan shafa wa 12 zuwa 18, sai dai tazararta ta kusa mako biyu. Shi ya sa take shiga unguwa a hankali, sa'an nan ta kwantar da yaran gida gaba ɗaya.

Agana ta fi sauƙin bi, don duk mai ita ana ganin ta a fuskarsa. Wannan ne ya ba 'yan lamba damar kewaye kowane ƙauye da ta ɓulla, har aka ga ƙarshenta a Nijeriya a 1970, aka kuma bayyana kawar da ita daga duniya a 1980.

Sanƙarau ne ya ƙi jin wannan lissafi, shi ne kuwa babban baƙon yankinmu. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayarsa a maƙogwaro suna yawonsu lafiya lau, don haka ba a iya cewa wane ne ya shafa wa wane. Wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana yankin da ya fi addaba a 1963, ƙasar Katsina kuwa tana tsakiyarsa. Dabarar da aka koma gare ta ita ce ƙirgen mako-mako: in aka sami mutum 10 cikin kowane 100,000 sun kamu a mako guda, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar an shiga annoba. A 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, har Saudiyya ta hana maniyyatanmu zuwa aikin Hajji a shekarar. Allurar da aka fara yi a 2011 ta karya lagon nau'in A, amma a 2017 nau'in C ya taso daga Zamfara, wadda daji kawai ya raba mu da ita. Lokacinsa kuwa tsofaffi sun riga likita sani: yana zuwa da hunturu, ya yi ƙarfi da bazara, ruwan farko ya kore shi.

Abin da ke damuna shi ne, ƙirgen mako-mako ba ya ganin kowa sai wanda ya isa asibiti. Tun da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, mutane sun cunkushe a garuruwa, iyali guda a ɗaki guda, irin zaman da sanƙarau da ƙyanda da kwalara suke so. Waɗanda suka rage a ƙauye kuwa, hanya ba ta biyuwa kullum. Na tambayi kakata ko har yanzu ana lura da masu diga. Ta ce ana lura, sai dai yanzu in an gan su an daina tambaya ko cuta ce.