Daga Rumfar Zana Zuwa Allon Kanti

Sa'ad da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, babu ɗan kasuwar da ke bukatar allo. Rumfa ke kare shi daga rana, hajarsa kuwa ita ce tallarsa. Baƙo ya tambayi layin dukawa ko na 'yan turare, dillali ya kai shi.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya al'amari. Kamfanonin Turawa irin su John Holt suka buɗe kantuna, suka kafa alluna ɗauke da sunayensu. Da yaƙi da jahilci ya bunƙasa cikin shekarun 1950, masu karatun boko suka yawaita, tela da mai gyaran keke su ma suka sa mai fenti ya rubuta musu suna a goshin rumfar kwano.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ, amma har yau sai ka ga "Masaukin Baki" maimakon "Baƙi". Allon kanti shi ne littafin da yaro ke fara karantawa a titi. In mu marubuta muka yi shiru, wa zai gyara?