Tuƙin babbar mota a Najeriya: Yadda ake shiga sana'ar da abin da ake samu a cikinta

Da wuya a sami wani kaya a kasuwannin Najeriya wanda bai taɓa hawa bayan babbar mota ba. Shanun Potiskum da na Maigatari, hatsin Dawanau, tumatir da albasar da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas, simintin Obajana da man fetur ɗin da ake ɗaukowa daga defo-defo na Kudu, duk a kan titi suke tafiya, domin har yanzu jirgin ƙasa bai ɗauki kaso mai yawa na dakon kayan ƙasar ba. Wannan ya sa matasa da dama, musamman a Arewa, suke kallon tuƙin tirela ko tanka a matsayin sana'ar da ba ta rasa kasuwa. Haka ne kuwa. Sai dai shigarta tana ɗaukar lokaci fiye da yadda ake zato, kuma kuɗin da ke cikinta ya fi bin yawan sawun da mota ta yi fiye da albashin ƙarshen wata.

Abin da doka ta tanada

Hukumomi uku ne ke da hannu wajen bayar da lasisin tuƙi: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, jami'an duba lafiyar ababen hawa da aka fi sani da VIO, waɗanda ke yi wa mai nema gwaji, sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, inda ake biyan kuɗi. An kasa lasisin rukuni-rukuni. Rukunin B na ƙananan motocin gida ne, rukunin D ya shafi manyan motocin da kansu da bodinsu a haɗe suke, yayin da rukunin G shi ne na tirela da tanka, wato motocin da kai ke jan jiki.

Mai shekara 18 yana iya karɓar lasisin ƙaramar mota, amma lasisin tuƙin haya sai wanda ya kai shekara 26, kuma ana neman takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Sabon mai nema kuma sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar FRSC ta amince da ita, domin makarantar ce ke ba da shaidar da ake shigarwa a kwamfuta kafin a ci gaba. Bayan gwaji da ɗaukar hoto da zanen yatsu, akan ba mutum lasisin, wanda ke aiki shekara uku ko biyar gwargwadon kuɗin da aka biya.

Duk lasisin da aka kawo wa mutum har gida ba tare da ya je an ɗauki hotonsa da yatsunsa ba, jabu ne. Yana iya wucewa da shi a wasu shingaye, amma ranar da ya nemi aiki a babban kamfani aka duba lambar a rumbun bayanan hukuma, ko ranar da tsautsayi ya faɗa kamfanin inshora ya shiga bincike, a nan asiri ke tonuwa.

Daga yaron mota zuwa sitiyari

Tsohuwar hanya, wadda mafi yawan direbobin Arewa suka bi, ita ce ta zama yaron mota. Iyaye ko wani babba a unguwa ne ke damƙa yaro ga direba, daga nan ya shiga hidima: wanke mota, duba ruwa da baƙin mai, ɗaure tamfol, sa wa taya waigi idan an tsaya a gangare, canza taya da jak cikin rana, da kwana a gindin mota yana gadin kaya. Sai an daɗe ana tare ubangida zai fara ba shi mota ya gyara mata tsayuwa a gareji, daga baya ya riƙa ba shi sitiyari a miƙaƙƙen titi idan babu kaya. Ba a ƙayyade shekarun da ake yi ba. Ya danganta da hazaƙar yaro da kuma halin ubangida, don akwai wanda ke jan lokaci saboda ba ya son rabuwa da mai yi masa hidima.

Abin da wannan hanya ke koyarwa ba a samunsa a aji. Yaron mota yana sanin ƙarar injin da ke shirin ba da matsala, yana sanin inda titi ya lalace tsakanin Mokwa da Jebba, da inda ake yada zango kamar Mararrabar Jos da Tafa da Ogere, da yadda ake magana da masu lodi da 'yan kamasho. Yana kuma koyon ribas da doguwar mota, abin da ke ba sababbin direbobi wahala saboda jikin tirela yana karkata ne sabanin inda aka juya sitiyari. Illarta ita ce yana gadar kurakuran ubangidansa tare da ƙwarewarsa. Idan ubangida mai sakin mota ne babu giya a gangare don tsimin dizal, ko mai shan ƙwaya don korar barci, yaro zai ɗauka haka sana'ar take. Sannan a ƙarshe ba shi da wata takarda da zai nuna.

Hanya ta biyu ita ce ta makaranta. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya, wato NITT, wadda aka kafa a 1986, tana horas da direbobi da sauran ma'aikatan sufuri. Kamfanin Dangote yana da makarantar koyar da tuƙin tirela a Obajana ta Jihar Kogi. A Legas kuma akwai cibiyar direbobi ta jihar, LASDRI, wadda ke sake tantance masu tuƙin haya tare da gwada idanunsu. Akwai makarantu masu zaman kansu, amma yawancinsu ƙananan motoci kawai suke da su. Kafin mutum ya biya kuɗi, ya kamata ya ga tirelar da za a koya masa da idonsa, ya tambayi sa'o'in da zai yi a kan sitiyari shi kaɗai, ya kuma tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda FRSC ta amince da su.

Makonni kaɗan a makaranta ba sa mayar da mutum direban da za a damƙa wa motar miliyoyin naira da kayan wasu miliyoyin. Wanda ya fi samun shiga a manyan kamfanoni shi ne wanda ya haɗa biyun, ya yi zaman gareji ya kuma riƙe takarda, tare da iya karatu daidai gwargwadon da zai karanta takardar kaya ya cike fom. Matashi ɗan shekara 19 ko 20 yana da shekaru a gabansa kafin ya kai 26, kuma waɗannan shekaru sun isa ya yi duka biyun.

Yadda kuɗin ke shigowa

Direban babbar mota yana samu ne ta fuska biyu ko uku. Akwai albashin wata, akwai kuɗin hanya da ake ba shi a kowane sawu don abinci da ƙananan larurori, sannan a wurin masu motoci na ƙashin kansu akwai wani kaso ko ihsani da ake yi masa bayan an sauke kaya an yi lissafi. A wurare da yawa albashin shi ne ƙarami a cikinsu. Saboda haka direbobi biyu masu albashi ɗaya suna iya ƙare wata da bambanci mai yawa, idan ɗaya ya yi sawu huɗu, ɗayan kuma motarsa ta kwana goma a wurin bakanike.

Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kilomita kusan 1,000. Ƙa'idar gudun tirela da tanka ita ce kilomita 60 a sa'a a kan tagwayen hanyoyi, 50 a kan babban titi, 45 a cikin gari, kuma tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Ke nan ko da titi lafiya lau yake, tuƙin kaɗai zai ci sa'a 17 ko fiye, ban da hutu da shingaye. A ƙara da jiran lodi. A tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can, inda aka fara amfani da tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a 2021, layi yana iya cinye kwanaki. Duk kwanan da aka yi mota na tsaye, daga kuɗin hanyar direba ake ci, shi da yaransa.

Ma'aunin da mai neman aiki zai riƙe shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi waɗanda ake biya bisa kamasho ko yawan aikin da suka yi ba. Alhaji mai tirela biyu ko uku yana wajen wannan doka, don haka abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne kawai hujjar direba. A babban kamfani kuwa akwai abubuwan da ba a gani a hannu amma kuɗi ne: dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, sannan dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ta hannun asusun NSITF ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar ƙwadago ta kuma wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa.

Tambayoyin da suka fi muhimmanci kafin a karɓi mukulli su ne waɗanda aka fi jin nauyin yi. Wa zai biya idan taya ta fashe? Lita nawa ta dizal aka ƙiyasta wa sawu, kuma wa ke cike giɓi idan bai isa ba? Idan aka sami ragi a kaya, daga albashin wa za a cire? Direbobin tanka sun fi kowa sanin wannan, domin ana auna man a defo a sake aunawa a gidan mai. Haka nan, albashin yaran mota a wuyan wa yake?

Akwai kuma kuɗin da ake samu ta bayan fage, irin su sayar da dizal a hanya da ɗora fasinjoji a saman kaya ko shanu. Manyan kamfanoni sun sa wa motocinsu na'urar bin sawu, kuma korar da ke biyo baya tana bin mutum har wurin neman aiki na gaba. Ɗora mutane a kan kaya kuwa laifi ne da FRSC ke kama motoci a kansa, saboda idan irin wannan mota ta kife, gawarwakin ba sa ƙirguwa da yatsun hannu.

Tanka

Dakon man fetur ya fi sauran tsari ta fuskar ƙungiya, domin direbobinsa suna da reshensu na PTD a ƙarƙashin NUPENG, masu motocin kuma suna da NARTO. Shi ne kuma ya fi haɗari. Gobarar tankar Majiya a Jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta hallaka mutum fiye da 150, ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025 ita ma ta ci rayuka masu yawa, akasarinsu waɗanda suka je kwasar man da ya zube. Bayan haka ne gwamnati ta hana tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga ranar 1 ga Maris, 2025.

Ruwa ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. Yana tunkuɗo mota gaba idan an taka birki, yana jan ta gefe a kwana, musamman idan tankin bai cika ba. Shi ya sa masu motoci ba sa fara sabon direba da tanka. Yawanci daga tifa ko ƙaramar motar kaya ake somawa a cikin gari, a koma tirelar siminti ko ta hatsi, sai an ga shekaru ba tare da haɗari ba kafin a yi maganar mai.