Daga Ɗakin Duhu Zuwa Katin Girafik: Wankin Hoto a Ƙasar Adar

Sana'ar hoto a Adar tafiya bida ce ta rayar da ita. Matasan Tebaram da ƙauyukan arewacin Tawa sun daɗe suna zuwa Abijan da Libiya neman na kansu, kuma kafin salula hoto da kaset ne ke kai labarin gida. A yi wa jariri hoto ranar suna, uwa ta yi magana cikin kaset, a damƙa wa direba ko wani matafiyi. Sai kuma hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakwal masu jarrabawa, waɗanda ke cika aljihun mai hoto a kowace shekara.

A lokacin da mai hoto Philippe Koudjina ke ɗaukar samari da 'yan matan Yamai a shekarun 1960 da 1970, hoto baƙi da fari ne, kuma mai ɗauka shi ne mai wanki. Maigidana a Tawa da haka ya koya, da haka kuma ya koya mini. Ɗaki ne ƙarami da aka toshe tagarsa da bargo, da jan ƙwan lantarki, da tasoshi uku: na maganin fito da hoto, na tsayar da shi, na zaunar da shi. Idan fuska ta yi duhu, yakan tare hasken da tafin hannunsa yana kaɗawa a hankali, ya bar rigar ta sha haske. Da hoto mai kala ya shigo, wankin ya kuɓuce daga hannunmu. Sai mu tara fim mu aika Yamai ko Sakkwato ta hanyar Birnin Ƙonni, mu jira abin da inji ya ga dama ya fito da shi.

Wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma irin wannan kyamara ce ta durƙusar da kamfanin, har ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Mu kuwa ta dawo mana da wanki. Kyamara na iya ajiye ɗanyen hoto, wato RAW, kafin ta taɓa shi. Hoton JPEG, wanda kyamara ta riga ta taɓa, matakin haske 256 yake da shi a kowane launi, na RAW kuwa 4,096 ko 16,384. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dattijo cikin farar shadda da rawani da tsakar rana ya san amfanin wannan. A JPEG ko aikin wuyan riga ya ɓace ko fuska ta nutse. A RAW ana ceto duka biyun.

Kamfanin Adobe ya fitar da manhajojin wankin RAW: Camera Raw a 2003, Lightroom a 2007. Amma hoto mai ɗigo miliyan 24 nauyi ne ga ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin duk sanda ka ƙara haske sai ta sake lissafin kowane ɗigo. Katin girafik, wanda masu wasannin kwamfuta suka fi sani, yana da ɗaruruwa ko dubban ƙananan sassa da ke lissafi lokaci guda, kamar taron gayya a gonar gero. A 2015 Lightroom ta fara jingina aikin gyara ga katin. Manhajar darktable, wadda kyauta ce, ita ma tana yin haka ta hanyar OpenCL. A 2023 Lightroom ta ƙara aikin share dusashin hoton dare, wanda kati mai ƙarfi ke gamawa cikin daƙiƙu, tsohon kati kuwa ya ci mintoci.

A nan ne sana'ar ta samu sabuwar matsala. Kwamfutocinmu mafi yawa 'yan gwanjo ne. Idan katin ya tsufa, ko manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta ba ta zamani ba ce, sai allo ya yi baƙi, ko launi ya rikice, ko aikin ya rufe kansa. Mafita ita ce a kashe katin a saiti, a haƙura da jan ƙafa. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu da ke toshe fanka su ma suna rage masa gudu. Ga kuma rashin jituwa da kyamara. Canon ta koma tsarin RAW na CR3 a 2018, alhali Lightroom 6 ta tsaya a ƙarshen 2017, don haka ba ta buɗe shi sai an juya hoton zuwa DNG, tsarin da Adobe ta fitar a 2004.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Nagatif ɗin maigidana har yau ana ɗaga shi a rana a gane mutum. Ɗanyen hoto kuwa ba ya ganuwa sai da manhajar da ta san shi, da kwamfutar da za ta iya ɗaukarta. Hotunan suna da aure na mutanen Adar tarihin gidaje ne. 'Yan uwana masu hoto, kafin ku sayi kyamara ku tabbata kwamfutarku za ta karanta ta, ku ajiye aikinku wuri biyu, ku juya shi zuwa DNG, mafi muhimmanci kuma ku buga shi a takarda ku bai wa masu shi.