Baƙin rami

baƙin rami (suna, namiji, jam'i: baƙaƙen ramuka). A ilimin taurari, wuri ne a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin jan abu, ko haske ya faɗa ba ya fitowa. Yakan samu idan ƙaton tauraro ya cinye makamashinsa ya rufta.

Ido ba ya ganinsa. Taurarin da ke kewaya shi da zazzafar iskar bakinsa ke tona asirinsa. Ranar 10 ga Afrilu 2019 masana suka fitar da hoton farko, na baƙin ramin da ake kira M87*: zoben haske kewaye da duhu.

Na tsakiyar tarin taurarinmu, Sagittarius A*, ya ninka nauyin rana kimanin sau miliyan 4. Daga garin Sae Sabuwa, sashen samaniyar da yake ciki yana kudu bayan isha'i a watan Agusta.