Fatar Da Wuta Ke Ƙara Wa Tauri

Kowane maƙeri a Boɗinga ko Shagari ya san cewa wuƙar da aka tsoma a ruwa ta yi tauri, idan ta sake shan wuta, taurin ya tafi. Masana'antun Turai ma sun daɗe suna fama da wannan, domin bakin injin yankan ƙarfe zafi yake ɗauka yana aiki.

Wajen 1980 aka fara lulluɓe bakin injin huda da wata fata ta taitaniyam da naitirojin mai ruwan zinare, wadda kaurinta bai kai ushirin silin gashi ba. Ita ce muke gani a shagunan kayan aiki na Sakkwato. Aibinta, ba ta jure zafi sosai, shi ya sa a 1986 masu bincike a Jamus suka haɗa mata alminiyam.

A 2003 Paul Mayrhofer na jami'ar Leoben ta Ostiriya da abokan aikinsa na Suwidin suka nuna abin da maƙeri zai yi gardama a kai: a wajen digiri 900 fatar ƙara tauri take yi. Taitaniyam da alminiyam zaman doya da manja suke, tilas aka haɗa su. Da zafi ya ba ƙwayoyinsu damar motsi, sai kowa ya nemi danginsa, su rabu unguwa-unguwa, ƙanana ƙwarai. Matsin da ke kan iyakokin nan shi ke hana fatar lotsewa.

Amma idan zafin ya zarce digiri 1,000 ya daɗe, unguwannin alminiyam su sake siffa, taurin ya koma ƙasa.