George Cadbury: Attajirin da Ya Shigar da Addini Cikin Masana'anta

A shekarar 1861, George Cadbury da yayansa Richard suka karɓi ragamar kamfanin koko na mahaifinsu a birnin Birmingham na Ingila, kamfanin yana dab da durƙushewa. Iyalin mabiya ɗariƙar Quaker ne, wani reshe na Kiristanci da ya ƙyamaci yaƙi da rantsuwa, kuma gidansu ya yi suna wajen adawa da giya. Wannan aƙida ce ta tsara yadda George ya fahimci kasuwanci har rasuwarsa a 1922.

Ya fara da kayan sayarwa. A zamanin, masu sarrafa koko kan gauraya shi da sitaci. A 1866 'yan'uwan suka sayo injin matse mai daga ƙasar Holan, suka fitar da koko zalla, suka mai da tsabtarsa abin talla. Gaskiya ta zama jari, ciniki ya bunƙasa.

Daga nan ya juya ga ma'aikata. George ya shafe shekaru yana koyar da manya karatu kowace Lahadi a unguwannin talakawa, ya ga yadda cunkoso da ƙazanta ke lalata mutum. A 1879 suka mai da masana'antar wajen gari, wurin da suka raɗa wa suna Bournville. Ya gina gidaje masu lambu, a 1900 kuma ya miƙa ƙauyen ga wata gidauniya mai zaman kanta. Ba a bar gidan giya ko ɗaya a ciki ba.

Sai dai kulawar tana tafe da sharaɗi. Kamfanin ya ɗauki 'yan mata da yawa aiki, amma da zarar mace ta yi aure, aikinta ya ƙare, a sallame ta da kyautar Littafi Mai Tsarki. A ganin George, wurin matar aure gidanta ne. Aƙidar da ta ba ma'aikaci muhalli ita ce kuma ta yanke wa ma'aikaciya hukunci ba tare da shawararta ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo daga nesa. A 1901 kamfanin ya sami labarin cewa gonakin tsibirin São Tomé, inda yake sayen koko mai yawa, da aikin bayi daga Angola ake noma su. Ya aika mai bincike, ya yi ta tattaunawa da hukumomin Fotugal, amma bai daina saye ba sai 1909, bayan ya fara samun koko daga Gold Coast, wato Ghana ta yau. Jaridar Standard ta zarge shi da munafunci, kamfanin ya kai ta kotu. Ya yi nasara, amma diyyar da aka yanke masa rubu'in kwabo ce kacal, abin da jama'a suka ɗauka a matsayin tsawatarwa.

Kamfanin ya kare kansa da cewa ci gaba da saye ne ya ba shi bakin magana a gaban Fotugal. Masu suka kuwa sun lura cewa shekaru takwas ɗin nan sun yi daidai da lokacin da yake buƙata don samun wata kasuwa. Ma'aikacin Bournville yana gaban idon George kullum, bawan São Tomé kuwa sai a takardar lissafi, kuma tausayin ya fi saurin isa inda ido ke gani.